Kafin Ka Sayar Da Fili Ka Yanki Tikiti: Yadda Ake Lissafin Kuɗin Zama A Ƙasar Waje

Wani daren Alhamis bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya iske ni a ƙofar gida a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mani wayarsa. Hoton takarda ne daga wani kamfani a Riyad, suna neman mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, albashi riyal 2,500 a wata. Ya ce, "Kawu, na buga, miliyan ɗaya ce cif duk wata." Bugun nasa daidai ne. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kan riyal 3.75 duk dala ɗaya, don haka in ka ɗauki dala a naira 1,500, riyal guda ya zama naira 400. Yaron da ke wuni bisa tsani yana ɗura gas a gidajen Layout da GRA, a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta naira 70,000 ne, dole miliyan ta hana shi barci. Har ya fara zancen sayar da filin da ya gada a hanyar Dutsin-ma don ya sallami ejan da ya kawo masa takardar.

Na yi shekara shida ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Jidda. Na san wannan ɗokin, na kuma san abin da ke biyo bayansa. Ban hana shi ba, kuma ba na hana kowa, domin neman arziki a nesa gadonmu ne, tun kakanni Katsinawa ke fatauci har Gwanja da Agadas. Na dai aika aka kawo littafi da biro, muka zauna har sha ɗaya ta wuce. Lamba ɗaya tak muke nema: abin da zai rage a hannunsa ƙarshen wata bayan ya ci, ya biya wurin kwana, ya aika gida, ya kuma rage bashin da ya ci don tafiyar. Ga yadda ake nemo ta.

Na farko: ka ajiye naira a gefe

Da riyal za a biya ka, da riyal za ka sayi shinkafa, da riyal za ka biya haya. To ka yi lissafin gaba ɗaya da kuɗin ƙasar da za ka, sai a layin ƙarshe ka mayar da ragowar zuwa naira. Wanda ya fara da mayar da albashi naira, ya riga ya ruɗi kansa, domin zai auna miliyan da farashin tiya a kasuwar 'Yar Kutungu alhali ba a can zai yi cefane ba.

Kuma naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. A farkon Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke aikowa daga waje ya ga kuɗinsa sun yi auki a lokacin, amma buhun masara da kuɗin mota a gida su ma ba su zauna ba. In za ka canza ragowar taka, ka yi da farashin da ya gaza na yau kaɗan, don ko naira ta farfaɗo lissafinka bai rushe ba.

Na biyu: ka warware albashin, ka ga abin da ke cikinsa

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, albashi yakan zo kashi-kashi: asalin albashi, alawus na gida, alawus na mota, wani lokaci da na abinci. Takardar ɗan yayata ta ce 2,500 ta yi shiru. Wannan shirun shi ne wurin da ya kamata ka fi tsayawa. Ka tambaya a rubuce, ba ta bakin ejan ba: kamfani ne zai ba da ɗaki ko ni zan nema? Mutum nawa ne a ɗakin? Akwai motar da ke kai ma'aikata? Awa nawa ake aiki, kuma ana biyan kuɗin ƙarin lokaci? Hutun shekara kwana nawa ne, wa zai sayi tikitin zuwa gida? Riyal 1,800 da ɗaki da mota ya fi 2,500 tsura, kamar yadda za mu gani a ƙasa.

Ka kuma lura da girman asalin albashin, domin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a kansa ake lissafin giratuti: ladan kwana 21 a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, daga nan kwana 30. Kamfanin da ya ƙanƙance asalin albashi ya kumbura alawus, ya rage maka kuɗin sallama tun ba ka fara ba. A Saudiyya giratutin rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken wata. Amma in kai ne ka ajiye aikin, dokar ta ce wanda bai cika shekara biyu ba ba shi da komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku.

Saudiyya da Dubai da Qatar ba sa cire harajin albashi. Saudiyya tana karɓar nata ne a kanti: harajin kayan saye ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma kashi 15 a Yulin 2020. A Dubai kashi 5 ne.

Ingila kuwa tun kafin kuɗin su iso hannunka ake gutsira. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu nas-nas da likitoci da ke ta jarrabawa. A ɗauka an rubuta maka fam 30,000 a shekara. Fam 12,570 na farko ba haraji. Ragowar 17,430 za a cire kashi 20 na haraji, wato 3,486, a kuma cire kashi 8 na inshorar ƙasa, kusan 1,394. Abin da ya rage in ka raba wata goma sha biyu kusan fam 2,090 ne, kafin a cire kuɗin fansho. Wanda ya raba 30,000 kai tsaye ya sa ran 2,500, ya ƙara wa kansa fam ɗari huɗu da ba zai taɓa gani ba. Sikotland tana da nata tsarin harajin daban, ka duba shi in can za ka.

Na uku: kuɗin fita

Duk abin da za ka kashe kafin ka hau jirgi, ka rubuta shi, har kuɗin hoto. Fasfo daga 1 ga Satumban 2025 naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara biyar, 200,000 mai shafi 64 na shekara goma. Akwai katin rigakafin cutar shawara, gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadancin ƙasar ya amince da shi, takardar shaidar ɗa'a ta 'yan sanda, da tantance takardun karatu a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Mu a nan akwai wani kuɗi da ɗan Abuja ba ya biya: kusan komai sai ka tashi ka je. Daga Katsina ko Daura zuwa Kano, daga Kano zuwa Abuja, kwana biyu ko uku a masauki, kuma da wuya a gama a zuwa ɗaya. Ni sau uku na je kafin takarduna su fito. Ka rubuta zuwa uku, in biyu ta isa ka ci riba. Jirgin ma daga Kano ko Abuja zai tashi.

Mai zuwa Ingila zai ƙara da jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, gwajin tarin fuka a cibiyar da aka amince da ita, kuɗin biza, da kuɗin hukumar rajistar sana'arsa. Sannan doka tana son a ga fam 1,270 sun kwana 28 a asusunka, sai fa in wanda ya ɗauke ka aiki ya rubuta cewa ya ɗauki nauyin watanka na farko.

Yanzu babbar magana, kuɗin ejan. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin igama (katin izinin zama a ƙasar) da izinin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. A Dubai ma doka ta hana a caji ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa. A Ingila takardar ɗaukar nauyi, wadda kamfani ke ba ka don ka nemi bizar aiki, ba ta sayarwa ba ce, kuma gwamnatinsu tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, kowa na iya dubawa a intanet. Tun 22 ga Yulin 2025 ma sun rufe ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da gurbin wannan aikin yau, kuɗinka yake so. Ejan da ya nemi miliyoyi, ka tambaye shi kuɗin mene ne, ɗaya bayan ɗaya, ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kada kuma ka ba da ko sisi ba rasit. In ya ce ka tafi da bizar umara ko ta ziyara "in ka isa za a gyara", ka tashi daga wurin. Wannan hanyar ita ke mayar da mai sana'a takari, yana aiki yana waige, ba asusun banki, ba asibiti, ba wurin kai ƙara in an hana shi haƙƙinsa, ƙarshenta kamu da maido da shi da kayan jikinsa. Haka masu bi ta Kongolam ko Jibiya su nufi Agadas da niyyar Libiya ko Aljeriya: kuɗin da ake faɗa masu a gida na zangon farko ne kawai, sauran ana karɓarsa a hanya, sau da yawa ta hanyar bugo wa iyaye waya.

Bayan ka haɗa jimla, ka rubuta a gefe inda kuɗin za su fito. Na adashe, na rance, na kadarar da za a sayar. Kuɗin fili ma bashi ne, bashin da ka ci a wurin 'ya'yanka, kuma filin da ka sayar bana ba za ka same shi a wannan farashin ba bayan shekara biyu.

Na huɗu: kuɗin sauka

Nan ne na sha wuya, shi ya sa nake jan hankali. Na sauka Jidda da riyal 700 a aljihu, ina ganin ƙarshen wata albashi zai shigo. Sai da aka sake gwajin lafiya, aka jira igama, ba igama kuma ba a buɗe asusun banki. Na yi kwana hamsin da 'yan kai kafin kuɗin farko su shigo. Ina tuna wata ranar Juma'a na zazzage aljihu a kan katifa, na jera tsabar kuɗin, riyal goma sha ɗaya, na raba su kwana huɗu: gurasa da wake da safe, ruwan shayi da dare. Wani dattijo ɗan Damagaram mai ɗinki a unguwarmu shi ya lura ba na fitowa cin abinci, ya kira ni ya ba ni riyal 300, ya ce, "Ɗana, in an biya ka ka kawo." A daidai lokacin nan matata a Katsina tana jiran aike, ni kuma kunya ta hana ni gaya mata gaskiya.

Saboda haka ka tafi da guzurin da zai riƙe ka wata biyu ba tare da albashi ba, ka kuma bar wa gida cefanen wata uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kai za ka nemi muhalli, kuɗin sauka ya ninka. A Dubai haya ta shekara ce, ana biya da cek ɗaya zuwa huɗu a mafi yawan lokuta. A ɗauka gidan dirhami 60,000 ne a cek huɗu: na farko 15,000, kuɗin ajiya na mai gida kashi 5 wato 3,000, la'adar dillali ita ma kusan 3,000, ajiyar hukumar wuta da ruwa ta DEWA 2,000. Dirhami 23,000 ke nan kafin ka shimfiɗa tabarma. Sannan akwai harajin gida na kashi 5 na hayar shekara, wanda ake rarraba shi a takardar wuta, 250 duk wata a wannan misalin. A Ingila doka ta 2019 ta taƙaita kuɗin ajiya a hayar mako biyar, ka haɗa da hayar watan farko. Baƙon da ba shi da tarihin biyan kuɗi a ƙasar kuma, masu gida kan nemi ya kawo mai tsaya masa. Ka ƙara da kayan sanyi na gaske, bargo, tukunya, layin waya. Rigar sanyin da ke tare maka hunturun Katsina ba za ta yi komai a Janairun Manchesta ba.

Na biyar: kuɗin wata-wata, da yadda ake samo farashin gaskiya

Kada ka tambayi mutum "yaya rayuwa a can?" Zai ce alhamdu lillahi, kuma gaskiya ya faɗa, amma ba za ka iya rubuta ta a littafi ba. Ka nemi mutum uku da ke zaune a ainihin garin da za ka, masu irin matsayinka. Kada ka tambayi likita in kai direba ne. Ka ce masu: nawa ka biya haya watan jiya? Nawa ka kashe a cefanen makon jiya? Don Allah turo mani hoton rasit. Ka ɗauki lamba mafi girma cikin ukun. Mutanenmu na waje suna da kara, ba sa son a ce sun karya wa ɗan'uwa gwiwa, wasu kuma ba sa son gida a san halin da suke ciki, shi ya sa rasit ya fi baki.

Layukan da za ka cike su ne wurin kwana, wuta da ruwa, abinci, zirga-zirga, waya da data, sabulu da aski da wanki, sai magani. Haya ita ce uwa, kuma gari da gari sun bambanta ƙwarai: Landan daban da Bradfod, Riyad daban da ƙananan garuruwa. Ɗaki mai araha da ke nesa da wurin aiki yakan karɓe rarar a kuɗin mota, don haka ka lissafa su tare.

Kowace ƙasa tana da kuɗin da ba mu saba da shi ba. A Ingila akwai harajin ƙaramar hukuma a kan gidan da kake zaune, ko da haya kake. Mai zaman shi kaɗai ana rage masa kashi 25. Akwai lasisin kallon talabijin, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara. Akwai kuɗin ɗumama ɗaki da ke tashi daga Nuwamba zuwa Maris. Lasisin tuƙinka na Najeriya wata goma sha biyu kawai zai yi maka aiki, daga nan sai ka ci jarrabawarsu, kuma inshorar mota ga sabon zuwa tana da tsada. Bizar aiki kuma ba ta ba ka damar karɓar tallafin gwamnati. A ƙasashen Larabawa kuwa na'urar sanyaya ɗaki ce ke cin kuɗin wuta wata shida a jere, kuma yawancin mutane sayen ruwan sha suke yi.

Abinci shi ne layin da ke hannunka. Mu biyar muka haɗa tukunya a Jidda, kowa ya zuba kuɗi farkon wata, a sayi buhun shinkafa da katan ɗin kaji, ana girki bi da bi. Abin da na riƙa kashewa bai kai rabin na abokin aikina mai cin abincin sayarwa ba. In za ka tafi, ka sa a daka maka kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, sukan yi watanni kuma a can tsadarsu ta ninka. Sai dai ka san dokar inda za ka: Ingila ba ta yarda a shigo da nama ko kayan madara daga Najeriya ba, kilishi da man shanu za su ƙare a filin jirgi, Saudiyya kuma ba ta son goro. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa ka sa a jakarka in ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko wane ne shi.

Na shida: iyali, a tafi da su ko a bar su

Wannan shawara ce ta zuciya, amma tana da farashi, kuma gara a san shi. Saudiyya ta fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da baƙo ya ajiye a ƙarƙashin igamarsa a Yulin 2017, riyal 100 a wata, ana ƙara ɗari duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mata ɗaya da yara uku riyal 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara, kafin hayar gidan iyali da kuɗin makaranta. Na ga iyalai da yawa, wasu an haifi 'ya'yansu a can, sun tattara sun dawo saboda wannan kuɗin kaɗai.

A Ingila, mai bizar ma'aikatan lafiya da iyalinsa an ɗauke masu kuɗin asibiti na baƙi. Sauran ma'aikata kuwa suna biyan fam 1,035 a shekara kowane babba, 776 kowane yaro, tun Fabrairun 2024, kuma gaba ɗaya ake biya lokacin neman biza. Miji da mata da yara biyu a bizar shekara uku fam 10,866 ne, ban da kuɗin bizar kanta. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yara, amma renon ƙaramin yaro kuɗi ne mai nauyi. A gida in matarka za ta fita sai ta miƙa yaro ga kakarsa ko maƙwabciya. A can awa-awa ake biya.

In ka bar su, tukunya biyu kake ɗorawa. Ka zauna da matarka ku rubuta abin da gidan ke ci a wata: hatsi, cefane, makaranta da islamiyya, wuta, magani, haya in akwai. Ita ta fi ka sanin farashi. Ka kuma rubuta tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara in kamfani ba ya bayarwa, domin barin mace da yara shekara uku ba a ga juna ba yana da nasa hasarar da ba ta shiga littafi.

Na bakwai: abin da gida zai nema

Daga ranar da aka ji ka sauka, sunanka ya shiga kowane lissafi na dangi: kayan azumi, ragon layya, gudummawar biki, suna, asibiti, takin damina, kuɗin jarrabawar ƙanne. Mafi yawansu haƙƙi ne, kuma ba wanda zai so ya ci shi kaɗai. Amma in ba ka yanka masa iyaka ba, shi zai cinye shekarunka. Ka ware adadi sananne na iyaye da iyali duk wata, ka ware wani ƙarami na larurar dangi, in ya ƙare ka ce sai wata mai zuwa. Ka faɗa wa mahaifi ko babban yaya gaskiyar abin da ke rage maka tun kafin ka tafi, domin shi zai tare maka baki in ba ka nan. Aiken kansa ma yana da kuɗi: Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa tura kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari. Ka kwatanta hanyoyi biyu ko uku na halal, ka dubi nairar da za ta isa hannun mai karɓa, ka kuma riƙa aikawa sau ɗaya a wata maimakon gutsi-gutsi.

Na takwas: kuɗin dawowa

Aiki na iya ƙarewa ba shiri. Lokacin gwaji a Saudiyya yana iya kaiwa kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamarka ba giratuti. A Ingila in aikin da ya ɗauki nauyinka ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samo wani ko ka fita. Da zarar albashi ya fara shigowa, kafin sabuwar waya, ka tara kuɗin tikiti da na zaman wata biyu, ka ajiye inda ba ka taɓawa. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka. Dokar Saudiyya da ta Dubai duk sun hana wanda ya ɗauke ka aiki riƙe shi.

Na ƙarshe: a debe

Washegari muka buga wa mutum uku a Riyad, muka cike layukan da lambobin da suka ba mu. In kamfani bai ba da komai ba: gurbin gado a ɗakin mutum huɗu 600, abinci 600, mota 250, waya 100, ƙananan buƙatu 150. Jimla 1,700, saura 800. Gida, wato matarsa da ɗansa da abin da yake ba mahaifiyarsa, naira 200,000 a wata, riyal 500. Saura riyal 300, naira 120,000. Ejan yana neman miliyan uku. Fasfo da gwaje-gwaje da zirga-zirga da guzuri sun kai miliyan ɗaya. Miliyan huɗu a raba da 120,000, wata 33 da ɗoriya. Kwantiragin kuwa na wata 24 ne. Zai gama shekara biyu ya dawo bai mayar da kuɗin filin ba.

Muka sake bugawa a kan cewa kamfani ya ba da ɗaki da mota. Kashewa ta koma 850, bayan aiken gida saura riyal 1,150, naira 460,000. Miliyan huɗu ta fita a wata tara, sauran wata goma sha biyar nasa ne. In kuma kamfanin ya biya kuɗin ɗauko shi kamar yadda dokarsu ta ce, wata uku ma sun isa. Takarda ɗaya, albashi ɗaya, amma amsar tambaya biyu ce ke raba tafiyar riba da ta asara. Daga nan na sa ya rubuta abin da yake samu a nan, watannin bazara da aiki ke yi masa yawa da na hunturu da yake zaune, ya raba goma sha biyu, ya debe cefane, ya ajiye lambar kusa da waɗancan biyun.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ce, "Kawu, to in tambaye su ɗakin ke nan." Muka rubuta wa kamfanin saƙo da tambaya huɗu: muhalli, mota, wanda zai biya kuɗin biza da igama, da tikitin hutu. Ya gaya wa ejan ba zai ba da komai ba sai amsa ta zo a kan takardar kamfani mai hatimi, ya kuma ga bizar aiki da sunansa a shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya. Takardun filin ya kai wa mahaifiyarsa ta sa a akwati. Fasfo dai ya je ya yi, kuma ya fara koya wa yaron shagonsa yadda zai riƙe masa kwastomomi in tafiyar ta tabbata.